Daktar Bakin Famfo

Rigimar da ta fi ci wa ƙanwata rai a duniya ita ce wadda ta yi da wani mai gadi a ƙofar babban zauren jami'a, ranar yaye ɗalibai, a ƙarƙashin hotonta. An buga hoton a ƙyalle mai faɗin bangon ɗaki, an sako shi daga saman bene. Ga ta can sama da farar riga, ta ɗaga kwalba tana kallonta kamar ta gano maganin tsufa. Ga ta nan ƙasa kuma da takalmin roba, ta zo leƙe kawai, tana son ganin yadda ake ɗora wa 'ya'yan mutane hular nan mai tuntu.

Mai gadin ya tare ta da sanda. "Iya, nan ta manyan baƙi ce. Zagaya ta baya."

"Malam, ɗaga kanka sama."

Ya ɗaga.

"Wa ka gani?"

"Dakta."

"To ni ce."

Ya dubi ƙyallen, ya dube ta, ya sake duban ƙyallen a tsanake kamar mai tayin akuya. Can ya ce, "Hancin dai ya so ya yi kama. Amma waccan tana da fara'a."

Sai ta ce bari ta yi masa murmushin hoton ya gani. Mutum yana cike da fushi ya ce zai yi murmushi, kun san abin da zai fito. Mai gadin ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Shi kuma da ya zo ya auna su da ido, ya yanke hukunci cewa Dakta ta fi ta tsawo. Ai dole, tsawon bene biyu gare ta. Haka ƙanwata ta zagaya ta baya tana huci, kuma mai gadin ƙofar baya, da yake shi ya san ta, ya roƙe ta ta kama masa ɗaukar kujeru.

Da ta dawo ta ba ni labari na yi dariya har sai da na nemi ruwa. Ta kwana biyu ba ta gaishe ni ba.

Ni ce babba, a bayana ta yi wayo, saboda haka ina da ikon faɗin yadda abin ya faro. Jami'ar irin mai rassa ce, uwa a babban gari, 'ya'ya a warwatse a garuruwa, kowane reshe da shugabansa da girman kansa. Mijin ƙanwata direban motar sashen kimiyya ne a uwar jami'ar. Da ya rasu ya bar ta da ɗa guda, aka ba ta aiki don tausayi, kuma ba a taɓa bari ta manta cewa don tausayi ne ba. Aikin shi ne wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan babban, mai kwamin siminti biyu da famfo mai tari kafin ya kawo ruwa, taga ɗaya mai ƙarafa, da allon katako mai turaku inda ake kife kwalabe su tsane. Nan ta yi ƙuruciyarta ta ƙare. Abin da ɗalibai suka dafa suka ƙona suka bari, ita ke bi da buroshi mai dogon wuya. Fatar hannunta ta tsattsage, faratanta suka yi rawaya, in ta shafa maka kai sai ka ji kamar an goga maka soso.

Shekarar da jami'a ta fara buɗe shafin intanet, malamai suna yajin aiki, ɗalibai duk sun watse. Mai hoto ya zo da umarni daga sama cewa lallai a samo mace a ɗakin gwaji, don duniya ta ga ana koyar da mata kimiyya. Ya zagaye ginin kaf, macen da ya samu ita ce wadda ke tsaye a bakin famfo. Aka ciro wata farar riga da ke rataye a bayan ƙofa aka zura mata. Aka jiƙa bular wanki a ruwa aka zuba a kwalba mai siririn wuya. Mai hoton ya kalli hannunta ya ce a'a, a samo safar hannu. Aka fasa sabon kwali aka ba ta, kuma ana gama ɗaukar hoto aka karɓe aka mayar. Da ta ƙi sakin fuska ya ce ta tuna ranar da ta fi jin daɗi. Daga baya ta gaya min ranar da ɗanta ya ci jarrabawar shiga sakandare ta tuna.

Ba wanda ya nemi izininta, ba kuma wanda ya tambayi sunanta. Hoton ya hau shafin farko ya yi zamansa. Daga nan ya bazu zuwa kalanda, bangon littafin neman gurbi, jikin motar jami'a, har ƙyallen da ya jawo mata wulaƙancin mai gadi. 'Yan unguwa suka laƙaba mata Dakta, da tsokana suka fara, har tsokanar ta gaji ta zama suna. In ana neman ta a gidan suna ko gidan makoki, Dakta ake cewa, ta kuma amsa.

Ɗan nata ni na sa masa Mai Taye, don tun yana sakandare yake ɗaura taye ya je sayen gawayi. Yaro mai ƙoƙari, ban hana masa ba. Da kwalaben nan ya yi karatu har ya sami aikin banki a wani babban birni, ya ga 'yar wani tsohon alƙali ya ce ita yake so. Ƙarya dai bai yi ba, ina ba shi wannan. Ya buɗe shafin jami'a ne ya juya wa alƙalin kwamfuta ya ce, "Ga mahaifiyata." Alƙali ya ƙarasa sauran da kansa, shi kuma bai gyara masa ba.

Daga ranar ƙanwata ta shiga wani aikin da ba albashi. "Umma, in sun zo ki rage magana." "Umma, ki bar hannunki cikin mayafi, sanyi ake yi." Matar alƙalin ta taɓa zaro ƙwayoyin hawan jininta daga jaka ta ce Dakta ta duba mata. Ƙanwata ta juya kwalin gaba da baya ta ce, "A ci gaba da sha." Har yau suna yabonta a gidan, wai ba ta da surutu irin na likitocin zamani. Amma ita ƙarya tana son sarari, don haka Mai Taye ya yi ta ƙara nisa tsakaninta da gidansa. Dakta ayyuka sun yi mata yawa, Dakta ta tafi taro. Jikokinta biyu ta fi sanin su a fuskar waya, suna ɗaga mata hannu ana riƙe da su kamar za su faɗo.

Na sha ce mata ta fasa ƙwan kowa ya huta. Sai ta ce, "Yaya, bar shi, yaro ne." Yaron da furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Ana nan shafin ya tsufa. Ya tsufa kamar ni, sai dai ni in an ƙwanƙwasa ina buɗewa. In ka neme shi a waya sai ya yi ta juyi, in ya ga dama ya buɗe sai ka ga kwalba da haɓar ƙanwata, kan ya yanke. Kowane reshe kuma ya je ya ƙera nasa shafin da launin da matar shugabansa ke so, har ɗalibi ya rasa ko jami'a ɗaya ce ko kasuwar 'yan fenti. Manya suka ce a rushe a sake gini, duk rassa su dawo ƙarƙashin shafi guda. Aka kafa kwamiti, aka ɗauko kamfani, kamfani ya turo wata yarinya mai jan tabarau, 'yar firit, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta.

Yarinyar ta zo da ƙa'ida ɗaya da ta kafe a kai: a sabon shafi ba za a sa fuskar kowa ba sai da sunansa da aikinsa da 'yar maganarsa a ƙasa. Ta ce mutane sun gaji da fuskokin da ba su da masu su. Hoton Dakta kuwa ta ce shi ne abu ɗaya mai rai a tsohon shafin, da shi za a buɗe sabon. Saura a nemo Daktar.

Nan aka yi abin kallo. Sashen kimiyya na uwar jami'a ya ce ai 'yar reshen arewa ce. Reshen arewa ya ce tasu ce a da, amma reshen kudu ya ɗauke ta. Wani ya ce ta tafi ƙasar waje tun tuni, irinsu ba sa zama. Farfesan da ke shugabantar kwamitin ya gyara zama a gaban jama'a ya ce shi ya duba mata aikin digirinta na uku, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, sunan ne dai ya kwanta masa. Mutumin da kullum yake wuce ƙofar ɗakin famfo, wani lokacin har ya miƙa kofin shayinsa ciki ba tare da ya kalli hannun da ya karɓa ba.

Yarinyar ta gaji da yawo, ta shiga ɗakin famfo don ta wanke hannu. Ta ga tsohuwa a tsaye, ta ce bari ta gwada sa'a. Ta miƙa mata waya.

"Mama, don Allah ko kin san wannan Daktar?"

Ƙanwata ta goge hannu a zani ta karɓa. "Na san ta. Ɗaki ɗaya muke kwana."

Yarinyar ta kalli waya, ta kalli fuska, ta cire tabarau ta mayar. Ba ta yi gardamar hanci ko tsawo ba. Ta jawo bokiti ta kife ta zauna, ta ce a ba ta labari daga farko. Da ta gama ji ta ce wannan ya fi abin da take nema kyau. Ta tambaye ta me take so a rubuta a ƙarƙashin hoton. Ƙanwata ta faɗi sunanta da na mahaifinmu, ta ce a ƙara da "mai wanke kayan gwaji". Yarinyar ta buga nan take ta juya mata kwamfutar.

Ranar da yamma ta shigo ɗakina ko mayafi ba ta cire ba. Ta zauna bakin gado ta ce, "Yaya, ashe sunana yana da kyau a rubuce." Na buɗe baki zan tsokane ta, na ga idonta, na mayar da bakina na rufe. Saura kaɗan ta yi ritaya a lokacin. Abin da take so bai wuce wannan ba, kafin ta miƙa makullin ɗakin famfo a ga fuskarta da sunanta da aikinta wuri ɗaya.

Kuskuren da ta yi shi ne murna ta sa ta kira ɗanta ta gaya masa da bakinta.

Ƙarshen mako sai ga shi, ya sha hanya, taye a wuya. Ya gaishe ni a gurguje ya durƙusa gabanta.

"Umma, kin san abin da wannan zai jawo min?"

"Me zai jawo?"

"Surukina yana buɗe shafin nan. Yana nuna wa abokansa. Ranar da ya ga an rubuta mai wanke kwalba, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce, "Da wanda ka kalle shi ranar da ka juya masa kwamfuta."

"Inna, don Allah ba da ke nake ba."

"Ai ni da kai nake, ɗan nan. Kwalbar ce ta saya maka tayen farko."

Ya share ni ya ci gaba da lallashin uwarsa. Wai ta ce musu ta fasa, ko ta ce a bar hoton yadda yake ba suna, ai shekara da shekaru haka yake ba wanda ya mutu. Ya kawo maganar aurensa, ya kawo ta yara, har ya ce matar tana da ciki, tashin hankali ba zai yi mata kyau ba. Ƙanwata tana zaune tana murza yatsunta, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Da zai tafi ta zuba masa abinci a kwano ta ɗaure da ƙyalle kamar kullum. Shi ya ɗauka shirun amincewa ne. Ni da na goya ta na san ba haka ba ne.

Ranar da kamfani zai nuna wa kwamiti sabon shafi, yarinyar ta dage sai an kira wadda ke cikin hoton ta zauna. Ƙanwata ta ce in raka ta. Ɗakin taron dogo ne, tebur mai sheƙi, sanyin na'ura kamar a ajiye gawa, kowane shugaban reshe da robar ruwa a gabansa. Aka ba mu kujeru biyu a jikin bango kusa da kwandon shara. Aka kashe fitila, aka haska shafin a farin allo. Gaskiya ya yi kyau. Launi ɗaya, rubutu manya-manya, rassa a jere kowa da ƙofarsa. Sai hoton ya fito, wannan karon da kansa cikakke, sunanta a ƙasa, aikinta a ƙasan sunan.

Wani ya yi tari. Farfesa shugaban kwamiti ya karanta layin, ya juyo ya kalli jikin bango, ya sha jinin jikinsa, don duk wanda ke teburin ya ji shi ranar da ya ce ɗalibarsa ce.

Shugaban wani reshe ne ya fara magana. "Wato duk shekarun nan da me muke tallar kimiyya? Mene ne a kwalbar?"

Yarinyar ta ce, "Bula ce, ranka ya daɗe."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Daga nan kowa ya samu baki. Jami'o'in da ake gasa da su za su yi mana dariya. 'Yan jarida za su ce mun yaudari iyaye. Wata Farfesa mace, wadda na sa ran za ta ce wani abu, ta ce ita damuwarta kada a ce jami'a ba ta da mata masana na gaske sai an yi aro. Duk wannan ana yi ƙanwata tana zaune taku kaɗan daga gare su, ana cewa "matar", "ita wannan", kamar hoton ne ya zo taron ita tana bango.

Farfesa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya yi murmushi irin na mai raba gado. "Baiwar Allah, ba wanda ya raina aikinki. Ga mafita. A bar hoton, a cire rubutun. Ko kuma a sa 'ma'aikaciyar ɗakin bincike', ba suna. Kowa ya tsira da mutuncinsa."

Yarinyar ta ce ƙa'idar shafin ba ta yarda da fuska ba suna ba, kuma su suka sa hannu a kan ƙa'idar. Sai Rajistara ya gyara murya ya ce akwai abin da ya kamata kwamiti ya sani. Ɗan matar ya kira ofishinsa, mutum mai hankali, ma'aikacin banki, ya roƙi arziki kada a sa sunan mahaifiyarsa, iyali ba su amince ba.

A nan ƙanwata ta fara jin abin da ɗanta ya yi. Ban kalle ta ba, hannunta na kalla, ya daina murza yatsu ya kwanta a cinya.

Ta miƙe. Ba ta iya maganar taro ba. Ta ce, "Ranku ya daɗe, ni ce iyalin. In za a sa, a sa yadda yarinyar nan ta rubuta. In ba za a sa haka ba, a cire min fuskata."

Aka cire. Ko minti biyar ba a yi ana muhawara ba, aka wuce maganar launin tambarin jami'a, wadda ta ci sauran yinin.

Da aka buɗe sabon shafi, wata mata ce a gaba, farar riga, haƙora kamar an jera farin tangaran, ta ɗaga kwalba mai shuɗin ruwa. Sayen hoton aka yi. Yarinyar mai jan tabarau ta biyo ta ɗakin famfo ta ba ƙanwata haƙuri, ta ce ƙa'idar suna ma an soke ta, kuma matar da aka saya tana kan shafin wani kamfanin man goge baki da na wani asibiti a wata ƙasa. Ba wanda ya san sunanta, don haka ba wanda zai ji kunyar aikinta. 'Yan unguwa ba su daina cewa Dakta ba, ita ce ta daina amsawa.

Mai Taye bai kira ba sai da ƙura ta lafa. Sannan ya zo da turmin atamfa a leda, fuska a sake. Muna tsakar gida, ita tana yanke farce, ni ina tsintar shinkafa. Ya ajiye ledar a gabanta, ya zauna a kujerar roba ya ce ai gara da aka yi haka, yanzu ta huta da idon jama'a.

Ba ta taɓa ledar ba.

Sai ya fito da abin da ya kawo shi. Alƙali ya buɗe sabon shafi bai ga Dakta ba, ya tambaya ko lafiya. Shi kuma ya ce masa ta ajiye aikin bincike ne, jami'a ta so ta riƙe ta ta ƙi. To yanzu alƙalin yana son ya haɗa 'yar liyafa a gidansa don girmama ta, abokansa za su zo. Ba wani abu za ta yi ba, ta zauna, ta yi godiya, in an tambaye ta ta ce ta gaji ne.

Na ajiye faranti. "Kai ko kunya ba ka ji? Ka bi ta bayan gida ka kira Rajistara, yanzu ka dawo da atamfa a yi maka wasan kwaikwayo?"

"Inna, rufin asiri na nema mana gaba ɗaya."

"Asirin wa? Sata ta yi?"

"Ke ba ki san irin mutanen nan ba ne."

"Na san su sarai. Na ga alƙalai da yawa, duk da ƙafa biyu suke shiga banɗaki."

"To me kike so in ce musu?" Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi a gidan ba. "In je in ce duk shekarun nan ƙarya ne? Yarana su tashi ana nuna su? Umma, ki yi magana mana. Yini ɗaya ne. Me zan gaya musu in ba ki zo ba?"

Ta gama yanke farcen da take kai, ta tattara a tafin hannu, ta tura masa ledar da ƙafa har gaban takalminsa.

"Ka ce musu Daktar ta rasu, ka zauna ka karɓi gaisuwa. Wadda ta haife ka tana da aiki gobe da safe, kwalabe sun taru."